Sarkin Lidiya, Solon da tambayar da ta raba kan Girkawa

Marubucin tarihi Herodotus ya ba da labarin Kurosus, sarkin Lidiya, wanda ake buga misali da dukiyarsa. Solon, mai tsara dokokin Atina, ya sauka a fadarsa da ke Sardis. Sarki ya sa aka zagaya da shi taskokinsa, sannan ya tambaye shi wa ya fi kowa dacewa a duniya, yana jiran a ce shi ne. Sai Solon ya ambaci wani Tellus, mutumin Atina, wanda ya ga 'ya'ya da jikoki, ya kuma mutu a fagen fama yana kare garinsu. Ran sarki ya ɓaci. Solon ya ce ba a yi wa mutum shaidar dacewa sai an ga ƙarshensa. Wajen shekara ta 546 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sairus na Farisa ya ci Sardis, Kurosus ya zama fursuna. Masana tarihi na shakkar ko mutanen biyu sun taɓa haɗuwa, amma tambayar ta zauna.

Masanin falsafa Aristotle, wanda aka haifa a 384 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya yi kusan shekara 20 a makarantar Plato, shi ne ya tsefe ta a littafinsa na ɗabi'a. Kowa ya yarda sa'ada, wato dacewar nan, ita ce ƙarshen buri, in ji shi, saɓanin yana kan mece ce ita. Kuɗi ana nemansu ne don wani abu daban. Girma yana hannun masu ba da shi, gobe su karɓe abinsu. Bin jin daɗi kawai kuwa rayuwar dabbobi ce. Abin da ya saura shi ne aiki da hankali bisa nagarta, a tsawon rayuwa, kamar jarumtar da ke tsakanin ragwanci da ganganci.

Inda ya burge ni, bai yi riya ba. Ya ce mai nagarta ma yana bukatar abokai, lafiya da abin hannu, kuma wanda masifar Sarki Piriyam na Taroy ta faɗa masa ba za a kira shi mai sa'ada ba. Mabiya wani masanin falsafa, Zeno, suka ce sam, nagarta kaɗai ta isa. Wani kuma, Epikurus, ya ce sa'ada kwanciyar rai ce. A ganina Aristotle ya fi su sanin halin ɗan Adam.

Bayan ƙarnoni aka fassara littafin zuwa Larabci a Bagadaza, Farabi da Ibn Miskawaihi suka ɗora a kansa.