Uwa da Riƙo, Uba da Ciyarwa: Haƙƙoƙin Bayan Saki a Yankin Maruta Tsakanin Fiƙihun Malikiyya da Al'ada

Tsakure

Maƙalar ta bi diddigin tambayoyin shari'a da ke biyo bayan mutuwar aure a yankin Maruta da kewayensa, cikin ƙananan hukumomin Gwaram da Birnin Kudu a kudancin Jihar Jigawa: me sakakkiya ta cancanta, wa ciyar da yara ya rataya a wuyansa, wa kuma zai riƙe su. An gwada hukuncin littattafan Malikiyya da alƙalai ke aiki da su da abin da aka saba yi a gidaje. Hujjar maƙalar ita ce, fiƙihu ya raba riƙon yaro da ciyar da shi, al'ada kuwa ta haɗe su a hannun uba, kuma jinkiri da kara ne ke cinye yawancin haƙƙin mace da na ɗanta tun kafin magana ta kai gaban alƙali.

Muhimman kalmomi: saki, idda, hul'i, ciyarwa, riƙon yara, Malikiyya, Jigawa.

1. Gabatarwa

Maruta na cikin ƙasar Gwaram, a Masarautar Dutse, dab da iyakar Jihar Bauchi. Ƙidayar 2006 ta ba Birnin Kudu mutum fiye da 300,000, Gwaram kuma fiye da 270,000. Galibinsu Musulmi ne manoma da makiyaya, kuma da zarar an kai amfanin gona gida magidanta da yawa kan tafi cin rani. Wannan ya shafi batunmu kai tsaye, domin mai noma da cin rani ba shi da albashin da kotu za ta yanka.

Tun zamanin Turawa aka bar aure da saki da gado a hannun alƙalai. Bayan an cire Jigawa daga Kano a 1991, kuma jihar ta ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a 2000, kotunan Shari'a ne ke sauraron irin waɗannan ƙararraki, a ɗaukaka zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a da ke Dutse, wadda sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba hurumi kan aure da rabuwarsa da kula da yara. Dokar tarayya ta 1970 kan shari'o'in aure, wadda ta yarda a yanka wa tsohuwar mata kuɗin zama, auren rajista kawai ta shafa, kuma irinsa bai cika faruwa a nan ba. Madogarar alƙali ita ce *Risala* ta Ibn Abi Zaid, da *Mukhtasar* na Khalil, da *Tuhfa* ta Ibn Asim, tare da sharhohinsu.

Yawan saki a ƙasar Hausa ba sabon zance ba ne a fagen nazari. Tarihin Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954 ya nuna shi, haka ma littafin Barbara Cooper na 1997 kan aure a Maraɗi. Wannan maƙala ta bar batun yawan sakin, ta koma kan abin da ke faruwa bayansa.

2. Saki da Idda

A ƙauye sau da yawa takardar saki falle ɗaya ce da aka yago daga littafin ɗan makaranta, layi biyu ko uku, da ajami ko boko, a ba yaro ya miƙa. Wani lokaci babu kwanan wata, ba a kuma fayyace ko saki nawa ne ba. A Malikiyya rubutun da aka yi da niyya tabbatacciya saki ne, kuma saki uku a kalma ɗaya uku ne, ko da yake wasu malaman yau na bin fatawar Ibn Taimiyya mai ƙirga shi ɗaya, wadda Masar ta mayar doka a 1929. Saɓanin nan shi ke sa magidanci ya yi ta zagayen zaurukan malamai har ya dace da amsar da ransa ke so.

Abin da ya fi muhimmanci ga mace shi ne inda za ta yi idda. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙi ta hana a fitar da ita daga ɗakinta. Idan sakin mai kome ne, ci da sha da sutura da wurin kwana duk suna kan miji har ta yi tsarki uku, ko wata uku ga wadda ba ta jini, ko ta haihu in tana da ciki, kuma in ɗayansu ya rasu a cikin iddar ɗayan zai gaje shi. Idan igiya ta ƙare, ko an yi hul'i, wurin zama kawai ya rage mata, sai fa mai ciki, wadda za a ci gaba da ciyarwa saboda cikin.

A aikace, ranar da takarda ta shiga hannu ranar ake ɗaure kaya. 'Yan uwanta su zo su kwashe gado da katifa da jere, domin zama a gidan wanda ya ce ba ya yi abin kunya ne gare ta da iyayenta. Tana fita, abincin idda ya koma kan mahaifinta, kuma da wuya ya aika neman ko tiya ɗaya, gudun kada a ce ya kasa riƙe 'yarsa.

3. Hul'i da Raba Aure Saboda Cutarwa

Macen da ta gaji da aure tana da ƙofa biyu a kotu, amma ɗaya aka fi nuna mata. Ta farko hul'i, wato ta fanshi kanta. Malikiyya sun halatta fansar ta zama daidai da sadaki, ko ƙasa da shi, ko sama, in an yarda. Nan ne miji kan zo da dogon lissafi, ya sa lefe da toshi da kuɗin gaisuwar iyaye, har da abin da aka ci aka sha ranar biki.

Ƙofa ta biyu ita ce alƙali ya raba auren saboda cutarwa, kuma a nan Malikiyya sun fi sauran mazhabobi sauƙaƙa wa mace. Duka, da zagi mai muni, da ƙaurace mata, da rashin ciyarwa duk dalilai ne. Ba sai an tabbatar cewa cutarwar ta maimaitu ba, ana kuma karɓar shaidar abin da ya bazu a bakin maƙwabta. In lamarin ya rikice, sai a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga dangin kowanne, kamar yadda aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta tsara, kuma hukuncinsu na raba aure zartacce ne. Har ma wadda ta riga ta biya hul'i, in daga baya ta tabbatar cutar da ita ake yi, za a mayar mata da dukiyarta, sakin kuma yana nan. Amma neman shaidu na cin lokaci da kuɗin mota, maƙwabta kuma ba sa son shiga tsakani, shi ya sa wadda aka zalunta kan zaɓi ta biya ta huta. Wani lokaci fansar ma ba kuɗi ba ce: ta yafe riƙon yaran, ko ta ɗauki nauyin goyon da ke bayanta har yaye.

4. Ciyar da Yara

Hukuncin a sarari yake. Uba mai hali shi ke ciyar da ɗansa namiji har ya balaga yana iya nema, 'ya mace kuma har ta tare a gidan miji. Malikiyya ba su ɗora wa uwa wannan nauyi ba ko da tana da dukiya, ba su kuma ɗora wa kaka ba. Wadda aurenta ya yanke gaba ɗaya tana da ladan shayarwa in ta nema.

Sharhohin *Mukhtasar* sun yi maganar wata dabara da duk mai zama a kotun karkara ya san ta. A kira uba, ya durƙusa ya ce, “Allah ya gafarta Malam, ni ban ƙi ciyar da su ba, a turo su gidana su ci.” Malaman mazhabar sun ce ba shi da wannan. Mai riƙon yaro ita ke karɓar abincinsa a hannunta, domin zirga-zirgar yaro tsakanin gida biyu don cin tuwo cutarwa ce gare shi, kuma hanya ce ta warware riƙon a fakaice.

Sai dai akwai wata ƙa'ida da ba kasafai mata ke saninta ba, kuma a ganina ita ce ta fi yi musu ɓarna. Ciyarwar matar aure bashi ce a kan miji mai hali, ba ta faɗuwa don an daɗe. Ta yaro kuwa tana faɗuwa da wucewar lokaci, sai in alƙali ya riga ya yanka ta, ko kuma wanda ya ciyar ya yi ne da niyyar a biya shi, ba don kyauta ba. A ƙaddara bazawara ta koma gidansu da yara biyu. Ta shekara uku tana ƙuli-ƙuli da wankau, tana jiran ko uban zai tuna, manya na ce mata ta yi haƙuri, kai uban 'ya'ya ƙara ba mutunci ba ne. Ranar da tura ta kai bango ta yanko sammaci, abin da ta fi tabbacin samu shi ne na gaba. Na shekara ukun nan sai ta rantse cewa da niyyar a mayar mata ta kashe, a kuma tabbatar uban na da hali a lokacin. Haƙurin da aka yaba mata shi ya zama hujja a kanta.

Ko an yanka, adadin ba ya tsayawa da ƙafarsa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, hauhawar farashi a Nijeriya ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Kuɗin da aka yanka wa yaro kafin nan ya daina isar sa, kuma komawa kotu neman ƙari wata ƙarar ce da nata ɗawainiyar. Alhali fiƙihun da kansa ya ba da mafita, tunda ya yarda a ƙaddara ciyarwa da abinci ko da kuɗinsa, a kuma tsara biya kullum, ko mako-mako, ko wata-wata, ko shekara-shekara, gwargwadon yadda mutum ke samu. Ga manomin Maruta, hukuncin da ya ce tiya kaza ta gero ko dawa da wake a wata, ko buhu kaza da kaka, da ɗan kuɗin cefane da magani da makaranta a kai, ya fi dacewa da rumbunsa, kuma farashin kasuwa ba zai rage wa yaron komai ba. Dagaci ko mai unguwa na iya shaida awon.

5. Riƙon Yara

Abin da aka fi ji a bakin jama'a shi ne ɗa na uba ne, uwa ta shayar, in an yaye a mayar. Wasu kan ce sai ya shekara bakwai, wanda ra'ayin Hanafiyya ne game da yaro namiji. A Malikiyya uwa ce ke riƙe namiji har ya balaga, mace kuma har ta tare. In riƙon ya faɗi daga hannunta, mahaifiyarta ce ke biye, sai 'yar uwarta, kafin a zo kan kaka ta wajen uba, sannan uban. Shi dai yana nan a matsayin waliyyi, yana lura da tarbiyya da karatu da aurarwa, yaro na iya wuni a wajensa, amma kwana sai wajen mai riƙo.

Me ya sa al'ada ta rinjayi hukunci mai ƙarfi haka? Dalili na farko tattalin arziki ne: tunda uba ba ya aikowa, iyayen bazawara ba sa iya ƙarin baki, sai su da kansu su ce a mayar masa da abinsa. Na biyu sabon aure. Uwa na rasa riƙo in ta tare da mijin da ba muharramin yaron ba ne, kuma bisa mashhurin zance ba ya dawo mata ko wannan auren ya mutu. A yankin da zawarci ba ya daɗewa, kuma ba kowane miji ke son agola ba, wannan na nufin uwa 'yan watanni kawai take da su. Duk da haka, aurenta ba ya miƙa yaro ga uba kai tsaye, kakarsa ta wajen uwa ce a gaba, muddin ba gida ɗaya take da 'yar tata ba. Kuma wanda riƙon zai koma gare shi, in ya san da tarewar ya yi shiru shekara guda ba uzuri, ya rasa damarsa. A nan uwa ce jinkirin yake taimaka wa.

Akwai kuma batun tafiya. In waliyyi zai ƙaura ya zauna a wuri mai nisan baridi shida, kimanin kilomita 120 zuwa 130, yana iya tafiya da yaron in hanya da wurin amintattu ne. Dutse ba ta kai wannan nisa ba, Abuja da Legas sun zarce. Amma sharaɗin ƙaura ce ta zama. Cin rani da fatauci ba sa ciki, kuma bai kamata a bar mai tafiyar wata biyar ya fake da wannan ba, balle wanda zai karɓe yaro daga uwarsa ya damƙa wa malamin allo a wani gari.

Dokar kare yara da Jigawa ta sa wa hannu a ƙarshen 2021, wadda ta samo asali daga dokar tarayya ta 2003, ta gabatar da maslahar yaro. Ba ta yi karo da sharuɗɗan da Malikiyya suka gindaya wa mai riƙo ba, wato hankali, da amana, da lafiya, da wurin zama mai tsaro.

6. Kyautar Rabuwa da Rubuta Doka

Bayan idda, sakakkiya ba ta da sauran ciyarwa a kan tsohon mijinta ko da sun shekara talatin tare. Abin da ya rage shi ne mutu'a, kyautar rabuwa da aya ta 241 ta Suratul Baƙara ta ambata, wadda Malikiyya suka ɗauka mustahabbi, alƙali ba ya tilasta ta. Wasu ƙasashe sun sake duba wannan. Masar a 1985 ta wajabta ta, ta sa mafi ƙarancinta ciyarwar shekara biyu. Maroko, wadda Malikiyya ce kamar mu, a dokar iyali ta 2004 ta sa miji ya ajiye haƙƙin mata da na yara a kotu kafin a ba shi izinin rubuta saki, ta kuma bar wa uwa ɗan da bai wuce shekara bakwai ba ko ta yi aure. Tunisiya ta kafa asusu a 1993 mai biyan uwa in uba ya ƙi, sannan hukuma ta bi shi bashin.

A Kano, Sarki Muhammadu Sanusi II ya jagoranci yunƙurin rubuta dokar iyali a 2017, ya kuma gamu da turjiya mai ƙarfi. Jigawa ba sai ta jira irin wannan babban aiki ba. Umarnin aiki daga ofishin Alƙalin Alƙalai zai iya wajabta wa kowace kotu, duk lokacin da ta tabbatar da saki ko hul'i, ta rubuta a zama ɗaya wanda zai riƙe yara da abin da uba zai riƙa bayarwa, ko uwar ta nema ko ba ta nema ba. Daga ranar da aka rubuta shi ya zama bashi. Sakin da aka yi a gida kuwa, wanda shi ne mafi yawa, zai buƙaci limamai da masu unguwanni su riƙa tura ma'auratan kotu tun idda ba ta cika ba.