Daga Lalube zuwa Hoto: Tarihin Gano Karayar Ƙwauri

A watan Janairun 1756 doki ya ka da Percivall Pott, likitan tiyata a Landan, ƙashin ƙwaurinsa ya karye har ya fasa fata. Ya hana a saka shi a keken doki. Ƙofa ya sa aka sayo, aka kwantar da shi a kai zuwa gida. Abokan aikinsa suka ce sai an yanke ƙafar, don irin wannan karaya kan yi kisa a zamanin. Malaminsa Edward Nourse ya duba, ya ce a ɗora ta. Ƙafar kuwa ta warke.

A lokacin, ido da hannu ne kayan aiki: a dubi kumburi da karkacewa, a gwada tsawon ƙafafun, a laluba a ji ko ƙashi na gogar ɗan'uwansa. Haka masu ɗori a ƙasar Hausa ke yi har yau.

Sai a 1895 Wilhelm Röntgen ya gano, a Jamus, hasken da ke ratsa tsoka ya nuna ƙashi. Yanzu ana ɗaukar hoton ƙwauri ta gaba da ta gefe, har gwiwa da idon sawu.