Marka da Kogin Haɗejia: Waiwaye a Kan Ambaliya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Haɗejia ya san cewa hadari daga gabas yake tasowa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, danshin da ke cikinsa daga kudu maso yamma yake zuwa, wato daga Tekun Atlantika. Iskar damina ce ke ɗauko shi, tana tura busasshiyar iskar Sahara arewa har ta kai maƙura a watan Agusta. Can sama kuma akwai wata iska mai kaɗawa daga gabas, wadda ke haɗa gizagizai ta koro su yamma, kusan duk bayan kwana 3 zuwa 5. Idan suka jero a kan ƙasar da ta riga ta ƙoshi, marka ke nan, kuma kogi ne zai kwashe ragowar.

Farin 1973 da na 1984 sun sa mutane sun saki jiki, har aka yi gine-gine a hanyoyin ruwa. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, ciyawar kacala ta samu ruwan rani ta toshe magudanai. Sai ruwan sama ya dawo. A watan Agustan 1988 madatsar Bagauda ta fashe. A 2001 ruwa ya ci garuruwa a Kano da Jigawa, ya sake a 2010 da 2020 da 2022, kowane karo da asarar rayuka da gonakin shinkafa. Wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna cewa manyan hadura a yankin Sahel sun ninka sau uku tun 1982, aka danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara.

To, ana iya hango ambaliya? Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon shekara, NIHSA kuma ta lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Amma inda hadari guda zai juye ruwansa, da wuya a tantance sai saura sa'o'i.

Kogi kuwa ba ya shammatar kowa. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ruwa yakan yi kwanaki kafin ya ratsa Ringim ya iso Auyo. Ɗan'uwan da ke zaune a Kano, in ya tsaya a gadar Wudil ya ga kogi ya batse, ya riga manomin fadama ganin abin da ke tafe.