Annobar da ta tarar da ƙofa a rufe: korona da tattalin arzikin ƙasar Gumel

Masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ƙasa ce da zirga-zirga ta raya. Tsohuwar hedikwatarta, Tumbi, tana cikin Jamhuriyar Nijar a yau, abin da ke nuna cewa iyakar Turawa ta ratsa tsakiyar al'umma ɗaya ne. Layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya bi ta Gagarawa, ya haɗa manoman gyaɗa da kasuwar duniya. Daga baya kasuwar Alhamis ta Maigatari ta zama mahaɗar dabbobin Damagaram da fataken Kudu.

Wannan tarihi ne ya sa korona ta yi wa yankin illa ta daban. Lokacin da aka tabbatar da mutum na farko da ya kamu a Najeriya, ranar 27 ga Fabrairun 2020, iyakar Maigatari ta riga ta shafe wata shida a rufe. Gwamnatin Muhammadu Buhari ta garƙame iyakokin tudu a Agustan 2019 don daƙile fasa-ƙwaurin shinkafa, sannan a Nuwamba hukumar kwastan ta hana kai fetur gidajen mai da ke tsakanin kilomita 20 daga iyaka. Kasuwar ta riga ta jigata kafin cutar ta iso.

A Maris Nijar ma ta rufe nata ɓangaren. A ƙarshen Afrilu, cikin azumi, aka sanar da hana tafiya tsakanin jihohi, dokar da ba a ɗage ba sai 1 ga Yuli. An ware kayan abinci daga haramcin, amma ciniki ba kaya kaɗai yake buƙata ba. Idan mai saye bai taso daga Legas ko Onica ba, dillali ba shi da la'ada, ɗan kamasho da mai lodi da mai tuwon kasuwa ba su da na cefane. Ga manomin Sule Tankarkar, tunkiya ita ce asusun ajiya, ita yake sayarwa gabanin damina ya sayi taki da iri. Haramcin ya faɗo daidai wannan lokaci.

Tallafin gwamnati kuwa an ɗinka shi ne da awon mutanen birni. Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 na rance ta bankin NIRSAL, amma sai mai lambar BVN da damar cike fom a intanet. Naira 20,000 da aka raba ta tsaya ga waɗanda ke cikin rajistar marasa galihu ta ƙasa. Mai kora shanu zuwa kara, wanda duk hada-hadarsa ta tsabar kuɗi ce, da wuya sunansa ya shiga ko ɗaya. Jihar Jigawa kanta ta dogara ne da kason tarayya, shi kuma ya ragu da faɗuwar farashin mai, a shekarar da tattalin arzikin ƙasa ya tsuke da kashi 6.1 cikin ɗari a zango na biyu.

Ranar 16 ga Disambar 2020 aka buɗe iyakoki huɗu, Maigatari na cikinsu. Ba a cika shekara uku ba aka sake rufewa, bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024.

Tambayoyin da 2020 ta bari suna nan. Wa ke da sunayen masu ci daga kasuwar Alhamis, alhali ƙungiyoyin dillalai da direbobi sun san mutanensu? Ba za a iya tantance lafiyar fatake a bakin iyaka, a bar dabbobi su wuce ba? Rufe hanya a lokacin annoba yana iya zama dole. Amma duk wanda zai sa hannu a irin wannan doka daga Abuja ko Dutse ya kamata ya fara lissafa bakuna nawa kasuwa guda take ciyarwa, da abin da zai ba su a makon da ba ta ci ba.