Tauraruwa Mai Wutsiya: Daga Sararin Sifawa Zuwa Binciken Zamani



A shekarar 1811, zamanin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake zaune a Sifawa, daura da Boɗinga, garin ƙanensa Malam Abdullahi, wata ƙasaitacciyar tauraruwa mai wutsiya ta bayyana, aka yi wajen kwana 260 ana ganinta da ido. Al'ummomi da dama sun daɗe suna ɗaukar irin wannan bayyana a matsayin alamar yaƙi, ko fari, ko faɗuwar wani babba. To, mene ne asalin wannan wutsiya?

Tun a 1531 wani Bajamushe, Peter Apian, ya lura cewa kullum wutsiyar tana fuskantar nesa da rana. Wannan ya nuna akwai hannun rana a cikin al'amarin, amma sai a 1950 Fred Whipple na Amurka ya kawo bayanin cewa jikin tauraruwar curin ƙanƙara ne haɗe da ƙura. Idan ta kusanto rana, zafi yakan kama ƙanƙarar. Da yake babu iska a can, ba ta narkewa ta zama ruwa, sai dai ta rikiɗe tururi kai tsaye, kamar yadda kafur yake ƙarewa a akwatin tufafi ba tare da ya jiƙa kome ba. Tururin nan yakan kwashi ƙura ya yi waje da ita, hasken rana da iskarta su tura su baya. Wutsiyar ke nan.

Tabbaci ya samu a watan Maris na 1986. A lokacin da mai sammako a Shagari zai iya hango tauraruwar Halley dushi-dushi ta kudu maso gabas, kumbon Giotto na ƙasashen Turai ya je daf da ita ya ɗauko hotonta. Tsawonta kimanin kilomita 15 ne, kuma baƙa ce wuluk kamar gawayi. Kowa kuwa ya san baƙar riga ta fi fara kama zafi: baƙin ɓawon nan shi ke shanye hasken rana, ya isar da zafin ga ƙanƙarar da ke ƙarƙashinsa.

Jama'a, Halley za ta komo a 2061. Ya rage gare mu ko jikokinmu su tarye ta da fargaba, ko su tarye ta da ilmi, wanda shi ne gadon da malaman Sifawa da Boɗinga suka bar mana.

Wassalam.