Cefanar da NEPA da Haƙƙin Ma'aikata a Ƙasar Gobir

Cefanar da NEPA shi ne miƙa hukumar wutar lantarki ta Nijeriya ga 'yan kasuwa, bisa dokar gyara ta 2005 wadda ta kasa ta kamfanoni 18. Da yake ma'aikatanta na gwamnati ne, ƙungiyarsu NUEE ta ƙi amincewa, har sai da aka ƙulla sulhu kan kuɗin sallama da fansho a Disambar 2012, sulhun da, a haƙiƙa, bai share hawayen kowa da kowa ba. A ƙasar Gobir kuwa, Sabon Birni da Isa, kamar sauran Jihar Sakkwato, sun faɗa hannun Kaduna Electric, ɗaya daga cikin waɗancan kamfanoni, wanda aka damƙa wa masu saye a 2014.