Magungunan hana jini daskarewa bayan an saka bututu a jijiyar zuciya

Idan jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta toshe har mutum ya samu bugun zuciya, likitoci kan buɗe ta su saka wani ɗan bututun raga na ƙarfe da ake kira sitent. A shekarar 1986 aka fara saka wa mutum shi, a birnin Tuluz na Faransa. Sai dai jini na ɗaukar ƙarfen a matsayin baƙo: ƙananan ƙwayoyinsa masu suna plaket kan taru a kai su yi gudaji, jijiyar ta sake toshewa. Haɗarin ya fi yawa a watan farko.

Shi ya sa ake haɗa magani biyu. Na farko asfirin ne, miligiram 75 zuwa 100 a rana. Na biyu ɗaya ne cikin uku: clopidogrel, miligiram 75 sau ɗaya, prasugrel, miligiram 10 sau ɗaya, ko ticagrelor, miligiram 90 safe da yamma. Biyun ƙarshe sun fi ƙarfi, amma sun fi jawo zubar jini. Ba a ba wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki prasugrel, shi kuma ticagrelor yakan sa wasu jin ƙarancin numfashi.

Ƙa'idar ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta 2023 ita ce a sha biyun tsawon wata 12, daga nan a ci gaba da ɗaya. Ga mai haɗarin zubar jini, kamar tsoho ko mai ciwon ƙoda, likita na iya rage wa'adin zuwa wata ɗaya ko uku, ko ya mayar da shi kan clopidogrel. Wanda ke shan maganin tsinka jini saboda bugawar zuciya ba bisa tsari ba, galibi ana tsayar masa da asfirin cikin mako guda.

Babban haɗari shi ne maras lafiya ya daina sha da kansa, don ya ji sauƙi ko don kuɗi sun ƙare. Kafin tiyata ko cire haƙori, likitan zuciya ne ke faɗin ranar tsayarwa. Ana kuma guje wa diclofenac da ibuprofen, domin suna ƙara zubar jini a ciki. Baƙin kashi, aman jini, haɓon da ya ƙi tsayawa ko sabon ciwon ƙirji na buƙatar a garzaya asibiti nan take.